Tambaya Da Amsa: Me Ke Sa Kwamfuta Ta Ɗauke Da Tsakar Rana?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta farko a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Rano, wanda yake da shagon buga takardu da katin ɗaurin aure. Ya ce tun da bazara ta kama, kwamfutarsa ta kan tebur sai ta dinga ƙugi, aiki ya yi nauyi, can wajen azahar ta ɗauke ɗif alhali akwai wuta. Ran nan ma yana tsakar buga wa wani dillalin hatsi takardar yarjejeniya ta ɗauke, mutumin ya tafi wani shagon. Mai gyara ya ce masa ta tsufa, ya sayi wata. Wani kuma daga Kibiya yana tambaya, shin ko a jiƙa buhu a lulluɓa mata, ko a ɗora mata ƙanƙara?

AMSA: To Malam, kada ka yi saurin kai kuɗinka Kano tukuna. Duk alamun nan da ka lissafa na zafi ne, kuma galibi maganinsa bai kai kuɗin sabuwa ba ko kusa.

A cikin akwatin nan akwai wani ɗan abu da ake kira furosesa, wato shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, shi ke yin dukkan lissafi. Ainihinsa bai wuce farcen babban yatsa da yawa ba, amma yana iya shan wuta wat 65 zuwa 125. Ka tuna da tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, wanda ba ka iya taɓawa idan ya jima a kunne? To ka ƙiyasta wannan zafi duka a wurin da bai fi farce ba. Dalili ke nan da ake ɗora masa wani ƙarfen alminiyam mai tsaga-tsaga kamar matajin kai, da fanka a bisansa. Ƙarfen ya zuƙe zafin, fanka ta kore shi waje. Duk wanda ya san injin niƙa da gangar ruwansa, ko lagireton mota, ya riga ya san wannan hikima.

Da can ba haka abin yake ba. Kwamfutar IBM ta 1981, ƙwaƙwalwarta ba ta da fanka ma sam. Da kamfanin Intel na Amurka ya fito da Pentium a 1993 sai sanyayawa ta zama tilas, kuma zuwa 2004 zafin Pentium 4 ya kai inda kamfanin ya fasa magajinsa da yake shiryawa, ya koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu a wuri guda.

Masu ƙerawa sun sa wa furosesa iyaka, wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin santigireti, kusan zafin tafasasshen ruwa ke nan. Idan ya doshi wannan iyaka sai ya rage gudu da kansa, shi ne nauyin da kake gani. Idan hakan bai wadatar ba sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ashe ka ga ɗaukewar nan ba mutuwa ba ce, kare kai ne.

To me ya sa sai da azahar? Fanka ba ta yin sanyi, iskar ɗakin kawai take hurawa. A ƙasar Kano, cikin watan Afrilu, zafin rana kan haura digiri 40, shago mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka. Alal misali, furosesan da ke tsayawa a 70 da sanyin safiya, in ɗakin ya ƙaru da digiri 15 shi ma sai ya ƙaru da kusan haka. Sannan ga ƙurar hunturu da ta shige ciki tun daga Disamba zuwa Fabrairu, ta toshe tsagogin ƙarfen nan kamar auduga. Bazara ta zo ta tarar da shi a shaƙe.

Abin yi shi ne, ka kashe ta, ka zare waya daga soket, ka fitar da ita waje, a buɗe murfin gefe a hure ƙurar da abin hura iska, a bi da buroshi mai laushi. Amma fa a dafe fankar da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta wujijjiga ta ta lalace. Iskar mai faci kuwa ka yi hattara da ita, wani lokaci tana zuwa da ɗigon ruwa. Tsakanin furosesa da ƙarfen akwai wani man shafawa mai ruwan toka da ke isar da zafi daga wannan zuwa wancan. Yakan bushe bayan 'yan shekaru. Ka sa mai gyara ya goge tsohon ya sa sabo, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Kuma ka ce ya nuna maka lambar zafin a allo kafin aiki da bayansa, domin na'urar tana auna kanta. Mai gyaran da bai buɗe akwati ba ya ce a sayi sabuwa, ni dai ban yarda da hukuncinsa ba.

Wani kuskure da muke yawan gani a shaguna shi ne lulluɓe kwamfuta da ƙyalle saboda ƙura, a bar shi a kai tana aiki. Rufewa bayan an tashi aiki yana da kyau, amma in za a kunna a yaye. Ka ɗauke ta daga ƙasa, ka matsar da bayanta daga bango kamar taƙi guda, kada hayaƙin janareta ko hasken rana ya same ta. Manyan ayyuka ka yi su da safe ko bayan la'asar.

Kai kuma ɗan'uwanmu na Kibiya, a'a, kada ka kuskura. Jiƙaƙƙen buhu na randa ne. A kan kwamfuta zai toshe kafofin iska, ruwa kuma in ya ɗiga ciki ya haɗu da wuta, ita ta tafi, kai ma kana cikin haɗari. Ƙanƙara ma gumi take yi. Fankar tebur da ke kaɗa iska a ɗakin ta fi maka.

In an yi duk wannan ba ta daina ba, sai a duba akwatin da ke raba mata wuta a ciki, don shi ma yana da tasa fankar, kuma wutar janareta mai hawa da sauka tana gajiyar da shi.