Jirgin Sama Ƙirar Gida: Tashi Ba Wuya, Saukar Ce Magana

 Tambayar da ta fi yawan zuwa mana a shirin wannan mako ita ce: shin mutum zai iya haɗa jirgin sama a gareji da injin mota, ya kuma tashi da shi? Amsa ita ce e, an yi, ana kuma yi. Amma akwai sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake su da ransa yake biya.

Mu fara da gida. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa kamar mita biyu, labarin ya zaga duniya. A Kaduna kuwa, a 1989 aka fito da Air Beetle, ƙaramin jirgin da sojojin saman Najeriya suka yi ta koyon tuƙi da shi, an haɗa kusan 60. Asalinsa RV-6A ne, zanen kamfanin Van's na Amurka, irin wanda mutane ke saye guntu-guntu su haɗa a gidajensu. Ko jirgin farko na duniya ma, na 'yan'uwan nan Wright a 1903, masu gyaran keke ne suka yi shi, tashinsa na farko daƙiƙa 12 kacal.

To me ke riƙe jirgi a sama? Farfela tana jan sa gaba, iska ta bi fiffike, fiffiken ya danna ta ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. In wannan turi ya fi nauyin jirgin, sai ya tashi. Shi ya sa kowane kilo abin lissafi ne. Ƙarfen da mai walda ke yin ƙofa da shi ya yi wa jirgi nauyi, masu haɗawa sun fi amfani da alminiyam ko katako mara nauyi da aka lulluɓe da yadi.

Na biyu, daidaita kaya. Duk mai raƙumi ya san in kaya ya rinjaya gefe guda tafiya ta ɓaci, haka mai Hilux da ya loda baya har gaba ya ɗaga. Jirgi ya fi su tsanani. In nauyi ya koma baya, hancinsa zai yi sama, gudu ya ragu, fiffike ya daina riƙe iska, ya faɗo. A Faransa, Henri Mignet ya fitar da littafi a 1934 yana koya wa talaka haɗa ɗan jirginsa. Mutane da yawa suka haɗa, wasu suka mutu, domin in jirgin ya sunkuyar da kai ba ya ɗagowa. Sai da aka gwada shi a ɗakin gwajin iska a 1936 aka gano aibin, aka gyara zanen.

Na uku, inji. Injin mota yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a juyi 5,000 zuwa 6,000 a minti, farfela kuwa ba ta son wuce kamar 2,700. Dole a sa giyar rage juyi tsakaninsu. Sannan mota a kan hanya kaɗan take ci daga ƙarfin injinta, jirgi kuwa yana cin kusan kashi 70 cikin 100 na awoyi ba hutu. Ga batun mai. Mu da muke sayen fetur a jarka mun san yadda ruwa da ƙura ke shiga. Mota in ta mutu tsakanin Gatrun da Tummo, a sauka a buɗe bonet. A sama fa babu gefen hanya.

Ƙasarmu ma tana da nata. Lokacin zafi Sabha kan wuce digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri. Inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage riƙo, jirgin da ya tashi lafiya da asuba zai nemi fili mai tsawo da azahar. Yashi kuma yana toshe matatar iska, yana cinye bakin farfela.

A Amurka, inda irin waɗannan jirage suka kai dubbai, hukuma kan duba jirgin kafin ya tashi, sannan a yi gwajin awa 25 zuwa 40 a wurin da babu cunkoson jama'a, ba a ɗaukar fasinja sai an gama. Matuƙin kuma sai da lasisi. Haka Libiya da Nijar da Najeriya, kowacce tana da hukumar kula da jiragen sama, ba a tashi sai da izininta. A nan kudu kuwa maganar ta wuce ta takarda. Kusa da filin jirgin Sabha, ko sansanin Tamanhint, ko bakin iyaka, duk abin da ya tashi ba a san shi ba, ana iya ɗaukar sa jirgi mara matuƙi a harbe shi, a kuma kama duk wanda aka samu a wurin.

Saboda haka, iyaye, in kun ga yaro yana haɗa ƙarafa yana mafarkin tashi, kada ku kashe masa gwiwa, kada kuma ku ba shi fili ya gwada da ransa. Ya fara da ƙaramin jirgi na kwali ko soso, ya riƙe lissafi a makaranta, ya nemi zanen da aka riga aka gwada. A Zariya akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama tun 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi. Makiyaya kuma, in kun ga ana irin wannan gwaji kusa da rijiya ko makiyaya, ku janye dabbobi da yara nesa, farfela mai juyawa ido ba ya ganinta. Allah Ya kiyaye mu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.