Yaron Shago Ma Jari Ne

A kasuwar Wunti da shagunan da ke kewaye da shataletalenta a Bauchi, da wuya ka ga sana'ar da mutum ɗaya ke riƙe da ita shi kaɗai. Tela yana da yaransa, mai gyaran waya yana da nasa, haka mai sayar da atamfa. Yaron ne ke buɗe shago da sassafe, ya share, ya jera kaya, kuma shi ake bar wa aljihun kuɗi ranar da maigida ya tafi Kantin Kwari sarin kaya. Duk da haka, masu shaguna da yawa suna lissafin haya da kuɗin wuta har zuwa kwabo, amma ba sa sanya kula da yaro cikin lissafin riba. Nan ne asarar da ba a gani take shigowa.

Doka ba ta cika wannan giɓi ba. A Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, wato kusan kowane shago a Wunti. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, kuɗin Keke Napep da na abincin rana suna cinye mafi yawan abin da ake ba yaro. Saboda haka halin maigida ne kaɗai madogararsa. Wanda ya wuni da yunwa, ko yake tunanin mahaifiyarsa na kwance babu kuɗin magani, ba zai tarbi mai saye da sakin fuska ba, kuma ɗinkin da ya yi a daren jajiberin Sallah sai an warware.

Kasuwancin Hausawa ya daɗe da sanin wannan. Masanin nan Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa cinikin goro da shanu na maƙudan kuɗi yana tafiya ne bisa amana, ba tare da takarda ba. Iyayen gida suna ba yaransu masauki da abinci, har su yi musu aure, su kuma yaran su tsare dukiyar kamar tasu. 'Yan kasuwar Ibo ma sun shahara da sallamar yaro da jari bayan shekarun da aka yi alkawari. Yaron da ya san ranar yayensa yana da dalilin riƙe gaskiya.

Wani zai ce kasuwa ta yi sanyi, ina kuɗin yin haka? Gaskiya ne riba ta ragu, amma rabin abin da ake magana ba ya cin ko sisi: a faɗa wa yaro haƙƙinsa tun ranar farko a gaban shaidu, a biya shi kan lokaci, a yi masa faɗa a keɓe maimakon gaban masu saye, a bar shi ya je makarantar dare. Wani kuma zai ce in ka koya masa sirrin sana'a, gobe zai buɗe nasa ya kwashe maka mutane. Ai ko an ɓoye masa zai tafi, sai dai ya tafi da ƙullaci. Wanda aka sallama da mutunci shi ke dawowa sari a wurin maigidansa, ya turo masa ciniki idan kayansa sun ƙare. Masu tsoron kada sakin fuska ya jawo raini su sani cewa kulawa ba ta hana ƙidayar kaya duk mako da rubuta ciniki a littafi. Hasali ma lissafi bayyananne yana kare yaron kirki daga zargi.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a a Bauchi suna iya farawa da abu guda: rubutacciyar yarjejeniya tsakanin maigida da iyayen yaro, mai ɗauke da kuɗin abinci, ranar hutu da shekarar sallama.