Ƙwayar NAC da Kitsen Hanta: A Duba Kafin a Saro

Duk mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa babu hajar da ke saurin karɓuwa kamar maganin da aka ce yana "wanke hanta". A 'yan shekarun nan wata ƙwaya ta shigo sahu, ana kiranta NAC, wato N-asetil sistin a taƙaice. Tana zuwa cikin robobi masu kyan gani daga Amurka ko Turai, galibi miligiram 600 kowace ɗaya, ana kuma tallarta ga waɗanda aka yi wa hoton ciki aka ce akwai kitse a hantarsu. Ganin cewa cikin masu karatunmu akwai masu shan ta, akwai kuma masu tunanin zuba jari su saro ta, shi ya sa muka bi diddiginta.

Da farko dai, NAC ba sabon abu ba ne, ba kuma jabu ba ne. Tun shekarar 1963 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, amma a matsayin maganin tsinka majinar ƙirji. Har gobe ana sayar da shi a kantunan magani na ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, cikin 'yan ƙananan ƙunshi na gari, da sunaye irin su Mucomyst da Fluimucil. Wanda ya taɓa buɗe robar ƙwayar zai ji ɗan wari kamar na baragurbi. Wannan ba lalacewa ba ce, sinadarin farar wuta ne da ke cikinsa.

To ina ya haɗu da hanta? A shekarun 1970 likitoci a birnin Edinbara na Sikotilan, ƙarƙashin Laurie Prescott, suka nuna cewa yana ceton wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima. Idan mutum ya sha farasitamol, hanta kan juya wani kaso nasa ya zama guba, sai wani sinadari da take tanada mai suna gulutatayon ya kashe gubar. In aka sha da yawa, tanadin ya ƙare, gubar ta shiga cin hantar kanta. NAC shi ne ke ba hanta kayan da za ta sake haɗa wannan sinadari. Yana aiki sosai idan aka fara bayar da shi cikin awa 8 da shan maganin, a asibiti, yawanci ta ƙarin ruwa, gwargwadon nauyin mara lafiya. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin magungunan da ba a rasa su.

A nan bari mu ɗan ratse. Mun sha ganin direba ko ɗan dako ya watsa Panadol uku a baki ya kora da shayi, anjima ya ƙara maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki. Iyakar babban mutum a yini giram 4 ne, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wanda ya zarce nesa da haka asibiti ya kamata ya nufa a ranar, ko da bai ji komai ba, domin ɓarnar sai bayan kwana biyu zuwa uku take bayyana.

Kitsen hanta kuwa wata cuta ce daban. Ana cewa mutum na da ita idan kitse ya haura kashi 5 cikin 100 na hantarsa, kuma aƙalla mutum ɗaya cikin manya huɗu a duniya na ɗauke da ita. Ba sai mai shan barasa ba. Tushenta tumbi ne, da ciwon suga, da yawan lemon kwalba da shayi mai kaurin sukari, da wunin zama a rumfa daga hantsi har magariba. Wannan kuwa ai rayuwar da yawa daga cikinmu ce, musamman idan kasuwa ta yi albarka.

Masu talla sun ɗauki labarin farasitamol, wanda gaskiya ne, sun jingina shi a kan kitsen hanta. An yi gwaje-gwaje a kan mutane, amma ƙanana ne kuma na ɗan lokaci. Wasu sun nuna saukar wani awo na jini da ake kira ALT, to amma saukar lamba a takarda daban, warkewar hanta daban. Manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai ba su sanya NAC cikin maganin wannan cuta ba. Abin da aka tabbatar shi ne rage nauyi: kashi 5 cikin 100 na rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 na rage kumburin. Ga mai kilo 90, ana maganar kilo 6 zuwa 9 ke nan. Sai a watan Maris na 2024 Amurka ta amince da magani na farko na musamman, Rezdiffra, shi ma ga waɗanda hantarsu ta fara tabo.

Abin da ya fi damunmu shi ne jinkiri. A yankinmu babban makashin hanta shi ne ciwon hanta nau'in B. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, kusan miliyan 65 a Afirka. Ga kuma gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna, wadda ke ƙara haɗarin sankarar hanta ga mai wannan ciwo. Mutumin da ya yi wata shida yana shan NAC, alhali bai yi gwajin jinin da zai nuna masa nau'in B ba, ya yi asarar kuɗi da lokaci, domin wannan ciwo yana da maganin da ke danne shi, kamar tenofobir, iyalinsa kuma suna da allurar rigakafi.

Mai shan NAC zai iya fuskantar tashin zuciya, amai ko gudawa. Mai ciwon asma, da mai shan maganin zuciya na nitirogilisarin, kada su taɓa shi sai da izinin likita.

Ga mai son saro shi kuma, ya sa a karanta masa ƙananan rubutun da ke bayan robar. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka sukan rubuta da kansu cewa ba a yi su don warkar da wata cuta ba, domin dokar can ba ta tilasta wa mai irin wannan haja ya tabbatar tana aiki kafin ya sayar. A 2020 hukumar magungunan ƙasar ta ce NAC magani ne, bai shiga rukunin ƙwayoyin ƙarin lafiya ba, har kamfanin Amazon ya janye shi a 2021, kafin hukumar ta sassauta a 2022. A ɓangaren Nijeriya kuwa, robar da ba ta da lambar rajistar NAFDAC ana iya kama ta a kan hanya ko a cikin shago, katan guda ne ko mota guda.