Kama da Wane Ba Ta Wane: Kimiyyar Yi wa Ƙananan Jiragen Ƙasa Fenti

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata al'ada da ta daɗe tana cin lokaci da dukiyar manya da yara, wato tara ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Mutum kan keɓe ɗaki guda a gidansa ya shimfiɗa ɗan siririn dogo, ya gina tasha da gada da duwatsu, sa'an nan ya sa 'yan jiragen su yi ta kai da kawowa da ƙarfin lantarki. A birnin Hamburg na Jamus ma akwai wani gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a shekarar 2001, wanda tsawon ɗan dogon da aka shimfiɗa a cikinsa ya haura kilomita 15.

A cikin wannan harka akwai mutanen da abincinsu ke nan: mai jirgi ya aika musu da abinsa, su yi masa fenti, su ƙara masa ƙananan kayayyaki, ya biya lada. Wani lokaci ma ladan yakan zarce kuɗin da aka sayi jirgin. Mai karatu na iya tambaya, me zai sa a nemi gwani don shafa wa abin da bai wuce taƙi ɗaya ba fenti? Amsar ita ce, an ƙanƙantar da jirgin, amma fenti da haske da idon ɗan Adam suna nan yadda suke. Aikin gwani shi ne ya sulhunta waɗannan abubuwa, kuma wannan aiki cike yake da lissafi da ilimin sinadarai da na haske.

Ma'aunin Ƙanƙantawa

Ba da ka ake ƙera waɗannan jirage ba. Kowane yana bin ma'auni tsayayye. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya nuna tsarin dogo mai ƙayyadadden faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba kowane tsawo da 87. A Ingila sun fi son OO, wato rabawa da 76. Akwai kuma N, wanda a yawancin ƙasashe ake rabawa da 160, da Z da Märklin ya fito da shi a 1972, wanda ake rabawa da 220.

Bari mu gwada lissafin. Faɗin dogon da aka fi amfani da shi a duniya milimita 1,435 ne, kuma irinsa ne aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna, wanda aka buɗe a 2016. Idan aka raba 1,435 da 87 za a sami kusan milimita 16.5, kuma wannan shi ne faɗin dogon HO. Tsohon dogon Legas zuwa Kano kuwa milimita 1,067 ne, saboda haka mai son kwaikwayonsa a wannan ma'auni sai ya nemi ɗan dogo mai faɗin milimita 12. Abin lura a nan shi ne, wannan rabawa ta shafi kome da kome: ƙafar jirgi, da taga, da kan ƙusa, da harafin da aka rubuta a jikin tarago.

Yadda Sana'ar ta Bunƙasa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maƙera a Japan suka shiga ƙera ƙananan jirage da hannu daga tagulla, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, ana kai su Amurka ana sayarwa. Kamfanin Tenshodo na birnin Tokiyo na daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki. Daga baya, da kuɗin ƙwadago ya hau a Japan, yawancin aikin ya koma Koriya ta Kudu. Da yawa daga cikin waɗannan jirage kan iso hannun mai saye tsirara, ba fenti, suna ta ƙyalli kamar zinariya. Wanda ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi irin wannan ba zai so ya lalata shi da hannunsa ba, sai ya nemi wanda ya iya.

Dalili na biyu shi ne, masana'anta ba ta yin sai abin da za ta sayar da yawa. Wanda ke son kan jirgin wani ƙaramin kamfani da ya daɗe da rushewa, ko taragon da kakansa ya yi aiki a cikinsa, da wuya ya same shi a kanti. Dole ya sayi mai kama da shi, a kankare fentin masana'anta, a sake masa sabo.

Matsalar Kaurin Fenti

Fentin da ke jikin mota kaurinsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da yawa ba, wato kusan kaurin gashi guda. A jikin mota wannan ba kome ba ne. To, amma idan aka ɗora irin wannan kauri a kan jirgin HO, daidai yake da a lafta wa jirgin gaske fenti mai kaurin milimita 8.7. Kan ƙusar da faɗinsa ya kai milimita 26 a jirgin gaske, a na kwaikwayo milimita 0.3 ne kacal. Ashe ke nan shafa biyu ko uku da buroshi sun isa su binne ƙusoshin baki ɗaya.

Shi ya sa gwanaye ke amfani da 'yar bindigar feshi mai kama da alƙalami, wadda ƙofar bakinta kan kasance tsakanin milimita 0.2 zuwa 0.5. Iska mai ƙarfi ce ke wucewa ta bakin, ta farfasa fentin da aka tsinka ya zama kamar hazo, ya sauka siriri. Idan aka kusanto da ita ainun fenti zai zuba, idan aka nisanta kuma ɗigon zai bushe a iska ya sauka kamar yashi.

Kafin feshi kuma akwai shiri. Fenti ba ya kama tagulla mai maiƙo, ko da maiƙon yatsa ne, don haka sai a warware jirgin, a wanke sassansa, wasu ma kan jiƙa su cikin ruwan tsami mai sauƙi don fatar ƙarfen ta ɗan yi kaushi, sa'an nan a fesa fentin shimfiɗa. Wasu kan gasa sassan da ɗan zafi kaɗan wanda ba zai narkar da dalmar da aka liƙa su da ita ba. Jirgin roba kuwa tasa matsalar daban ce: ba a gasa shi, kuma tina mai ƙarfi tana iya cin robar ta yamutsa ta. Sanin wane fenti ne zai zauna lafiya a kan wane, da wane ne zai tayar da na ƙarƙashinsa, yana cikin abin da ake biyan gwani dominsa.

Launi da Haske

A nan ne abin mamaki yake. Idan aka ɗebo fentin da aka yi wa jirgin gaske aka fesa wa ƙaramin, sau da yawa sai a ga ya yi duhu, ya zama kamar abin wasan yara. Dalili na farko shi ne haske. Hasken rana tsaka kan kai lakas 100,000 a ma'aunin haske, alhali ɗakin da aka kunna fitila bai cika wuce 500 ba. Dalili na biyu kuwa nisa ne. Wanda ya tsaya mita ɗaya daga jirgin HO, tamkar ya tsaya ne mita 87 daga na gaske, iska kuwa da ƙurar da ke cikinta suna watsa haske, su sa abin da ke nesa ya kode. Duk wanda ya hango dutse ko itace a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya sauka, ya ga wannan a fili.

Saboda haka gwani kan ɗan sirka launinsa da fari ko ruwan toka. Kan jirgi mai aiki da tururi, wanda a zahiri baƙi ne wuluk, akan yi masa ruwan toka mai duhu, domin baƙi tsantsa zai haɗiye hasken ɗaki a kasa ganin bututu da ƙusoshi. Masu sana'ar sun sha bamban a kan yawan sirkin da ya dace, amma sun haɗu a kan cewa dole a duba launi a ƙarƙashin irin fitilar da jirgin zai zauna, don launuka biyu na iya dacewa a rana su saɓa a ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Rubutu da Lambobi

Sunan kamfani da lambar jirgi sun yi ƙanƙanta a rubuta su da hannu, don haka ana buga su a kan wata siririyar fata da ke manne da takarda. Idan aka jiƙa takardar sai fatar ta zame a ɗora ta a jikin jirgi. Fentin da ba ya ƙyalli, in aka dube shi da madubin ƙara girma, cike yake da tudu da kwari, kuma su ne ke watsa haske ko'ina. Idan aka ɗora fatar a kansa, iska za ta maƙale a cikin kwarin, wurin ya riƙa walƙiya kamar azurfa. Maganin abin shi ne a fara fesa ruwan fenti mai ƙyalli marar launi don ya cike kwarin, a ɗora rubutun, a shafa masa wani ruwa mai tausasa shi ya bi ƙusoshi, sa'an nan a rufe duka da ruwan fenti marar ƙyalli.

Tsufar da Jirgi da Gangan

Jirgin da ke aiki ba ya zama sabo. Tsatsa na fitowa inda ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, ruwan sama kuma ya ja ta ƙasa ta bar zane. Hayaƙi na baƙanta rufi, mai na tsiyaya kusa da tanki, rana na kodar da jan fenti, ƙura kuwa na taruwa a ƙafafu da launin ƙasar da jirgin ke ratsawa. Gwani kan kwaikwayi waɗannan da garin launi da tsinkakken fenti, kuma ba zai iya ba sai ya san dalilin kowane tabo. Tsatsar da aka sa a inda ruwa ba ya kwanciya nan take ido ke ƙin ta.

Wanda ya yi fice wajen yaɗa wannan dabara shi ne John Allen, wani mai ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kalifoniya a Amurka. Hotunan jiragensa da mujallu suka yi ta bugawa sun nuna wa jama'a cewa datti ne ke sa ƙaramin jirgi ya yi kama da na gaske. Ya rasu a watan Janairu na 1973, kuma kwana goma bayan haka gobara ta cinye aikin da ya shafe shekaru yana ginawa.

Ban da fenti, gwani kan kankare maƙalai da tsani da masana'anta ta zuba da kauri, ya maye gurbinsu da siririyar waya. Wasu sassan da kakin zuma ake fara siffanta su, a lulluɓe, a narkar da kakin, a zuba tagulla a gurbinsa, wato irin dabarar da maƙeran Ife da Binin suka yi suna da ita tun ɗaruruwan shekaru. A yau kuma akwai na'urar da ke gina ƙananan sassa daga zanen kwamfuta.

Abin da Mai Ba da Aiki Zai Kula da Shi

Abu na farko shi ne ya faɗi shekarar da yake nufi, ya kuma kawo hotuna. Alal misali, shahararren kan jirgin nan na Ingila, Flying Scotsman, da aka ƙera a 1923, ya fara ne da lamba 1472, ya koma 4472 a 1924, ya kuma zama 60103 a 1948. Ya yi zamani da kore mai haske, ya yi baƙi lokacin yaƙi, ya yi shuɗi, ya kuma koma kore mai duhu kafin a sallame shi daga aiki a 1963. Wanda ya ce a yi masa wannan jirgi bai faɗi shekara ba, bai gama magana ba.

Na biyu, ya nemi ganin ayyukan da gwanin ya yi a baya, don sai an gwada akan san na ƙwarai. Na uku, a rubuta yarjejeniya: kuɗi, da wa'adi, da yawan tsufan da ake so, da wanda zai ɗauki asara in abu ya karye a hanya. Na huɗu, ya tuna cewa tsohon jirgi mai fentinsa na asali yana da daraja wurin masu tara kayan tarihi, kuma da zarar an kankare shi ba ya dawowa. Wanda kuma ya bi mai arha ya tuna cewa araha ba ta ado.

Kammalawa

Malamai na iya gwada wannan darasi a aji ba tare da sayen jirgi ba. A auna ƙofar aji da tebur da tsawon ɗalibi guda, a raba kowane da 87, a yanka su a kwali. Ɗalibi mai tsawon mita 1.6 zai dawo ɗan abu mai milimita 18. Sa'an nan a shafa wa kwali biyu baƙin fenti, ɗaya tsantsa ɗaya an sirka shi da fari kaɗan, a dube su a rana a kuma dube su a cikin ɗaki. A kula, a yi aikin fenti inda iska ke shiga, domin tururin tina na cutar da huhu. Ɗalibin da ya yi wannan zai gane cewa lissafin da ake yi wa ƙaramin jirgi shi ne dai wanda mai zanen gida da mai zanen taswira da injiniya ke yi kullum a wurin aikinsu.