Burauza: Wacce ce ta dace da salular ɗan Arewa?

Duk wanda ya zauna a fada a Dogon Dutsi bayan sallar isha'i, ana zagayawa da kofin shayi, ba zai rasa jin ƙorafi iri ɗaya ba: an sayi forfe da rana, kafin dare mega ta ƙare, mai salula kuma ya rantse ko bidiyo ɗaya bai kalla ba. Nan take sai a ɗora wa kamfanin sadarwa laifi. Mu dai a namu ganin, kafin a zargi na nesa, ya kamata a fara bincika abin da ke cikin tafin hannu, domin sau da yawa ɓarnar tana fitowa ne daga manhajar da mutum ke shiga intanet da ita, wato burauza, wadda 'yan lakwal ke kira nabigater.

Ga wanda bai sani ba, burauza ita ce ƙofar da ke buɗe shafukan intanet. In ɗalibi na neman sakamakon jarrabawa, ko manomin dankalin turawa na son karanta maganin tsutsa, ko wani ya turo maka adireshi ta WhatsApp ka taɓa, ita ce ke zuwa ta ɗauko shafin. Akasarin jama'armu daga Matankari zuwa Kore Mairuwa ba su taɓa zaɓar ta da kansu ba. Ko dai sun tarar da ita cikin salular, ko kuwa yaron da ke cajin waya a kasuwa ne ya tura masu tare da waƙoƙi da wa'azi.

Waɗanda suka riski zamanin da Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001 za su tuna cewa a lokacin salula ta kira ce kawai. Mai son intanet sai ya nemi siber kafe a Dosso ko Yamai, ya zauna gaban kwamfuta ya danna shuɗin harafin nan na Internet Explorer, ya yi ta jira. Abin da ya kawo intanet cikin aljihun talaka shi ne Opera Mini, wadda wani kamfanin ƙasar Nowe ya saki wa duniya a farkon 2006, ta kuma yi aiki har a ƙananan wayoyin Nokia. Internet Explorer kuwa Microsoft ta yi mata ritaya a watan Yunin 2022, Edge ta gaje ta.

Dabarar Opera Mini ta cancanci a tsaya a kanta, domin nan ne amfaninta yake, nan ne kuma haɗarinta. Idan ka nemi shafi, ba salularka ce ke zuwa ta ɗauko shi kai tsaye ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke karɓo shi, su matse hotuna, su zubar da tarkace, sannan su miƙo maka ɗan abin da ya rage. Kamfanin na cewa matsin na iya kaiwa kashi 90 cikin ɗari. Idan aka lura cewa matsakaicin shafi a yau nauyinsa ya haura mega 2, za a gane dalilin da ya sa mutumin Dumega ko Gesheme, inda rezo ke zuwa yana tafiya, yake iya karanta labarai da ita, alhali maƙwabcinsa mai wata burauzar yana kallon farin allo. Don karanta jarida, duba sakamakon ƙwallo ko kokawa, da leƙa Wikipedia ta Hausa, har yanzu ba mu ga wadda ta fi ta sauƙi ga aljihu ba.

Sai dai fa duk abin da ka rubuta yayin da matsin ke kan matakinsa na ƙoli, ta hannun wani yake bi kafin ya isa inda ka aika. Ban da haka, shafukan zamani masu fom ɗin cikewa, da wurin ɗora hoto ko takardar haihuwa, sukan rikice idan an matse su: maɓallin aikawa ya ƙi motsi, ko ya nuna kamar ya tafi alhali bai tafi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya ci bak, yake neman gurbi a Jami'ar Dosso ko ta Abdou Moumouni, ko yake cike takardun neman tallafin karatu, ga kuma ranar rufewa ta matso. Irin wannan aiki, da duk wanda ya shafi kuɗi ko banki, cikakkiyar burauza yake so, Chrome ko Firefox ko Edge, wadda aka sabunta. Gara a kashe dala arba'in a kan mega da a rasa shekara guda ta karatu.

Chrome, wadda Google ta fitar a 2008, ita ce ke zuwa cikin kusan kowace salular Android. Tana buɗe kusan kowane shafi yadda aka tsara shi, tana gargaɗi idan za a shiga shafin da aka san na 'yan damfara ne, kuma tana iya juya shafin Faransanci ko Ingilishi zuwa Hausa, tun da Hausa ta shiga cikin harsunan fassarar Google a 2013. Hausar tata dai ta Kano ce, wani lokaci ma da gurguntaka, amma tana fitar da wanda bai yi lakwal mai zurfi ba. Aibinta shi ne nauyi. Da can tana da tsarin rage cin mega, amma an cire shi a 2022, don haka duk wanda ya ce zai kunna maka shi a yau, tatsuniya yake yi maka.

Akwai kuma matsalar tsufa, wadda ta fi shafar yankinmu fiye da birane. Yawancin salulolin da ke hannun iyayenmu da ƙannenmu kwance ne, waɗanda 'yan bida suka aiko daga Legas ko Kwatano ko Abijan. Chrome ta daina sabunta kanta a kan Android 7 a ƙarshen 2023, ta bar Android 8 da 9 a 2025. Haka kwamfutocin ofis da na makarantu masu Windows 7, rabonsu da sabuwar Chrome tun farkon 2023. Burauzar za ta ci gaba da buɗewa kamar ba abin da ya faru, amma duk ɓarakar da aka gano bayan nan ba mai toshe ta. Mai irin wannan na'ura ya yi karatunsa da ita, amma kada ya shigar da lambar sirrin kuɗinsa.

Mun ga irin ɓarnar burauzar kasuwa a cikin gidanmu. Wani ɗan'uwanmu ya kai salularsa caji, aka yi masa kyautar wata burauza wai ta fi saurin sauke finafinai. Cikin mako guda allon ya cika da tallace-tallace, har da hotunan da dattijo ba zai so a gani a hannunsa a ƙofar masallaci ba, batir yana zafi, mega tana zurarewa ko yana barci. Da muka duba, manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni da lambobin mutane, an kuma ba ta. Me ya haɗa mai buɗe shafi da saƙonninka? Cire ta kawai muka yi, salular ta dawo hayyacinta. Kuma ba ƙananan manhajoji kaɗai ake zargi ba. UC Browser ta kamfanin Alibaba, wadda matasa suka so ƙwarai, masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto sun nuna a 2015 cewa tana fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da kariya mai kyau ba, Indiya kuma ta haramta ta a 2020 tare da wasu manhajojin ƙasar Sin.

Firefox, wadda ta fito a 2004 ƙarƙashin gidauniyar Mozilla, ba ta da farin jini a nan, kuma muna ganin an yi mata rashin adalci. A kan Android tana karɓar ƙarin nan mai suna uBlock Origin, wanda ke tare tallace-tallace tun kafin su sauka, kuma tallan da bai sauka ba bai ci megarka ba. Brave ma tana yin haka ba tare da an ƙara mata komai ba.

Abu biyu kuma muke so a daina ruɗuwa da su. Na farko, shafin sirri da ake buɗewa mai baƙin allo ba ya ɓoye mutum daga kamfanin sadarwa ko mai shafin. Abin da yake yi shi ne ya goge sawu a cikin salular. Amfaninsa na gaskiya shi ne lokacin da ka ari wayar aboki, ko ka zauna a kwamfutar masu buga takardu don duba saƙonka, yadda kalmar sirrinka ba za ta kwana a can ba. Na biyu, alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ce, ɗan damfara ma yana samun ta, shi ya sa Chrome ta sauya alamar a 2023. Adireshin kansa ake karantawa harafi bayan harafi, musamman waɗanda ake yaɗawa cewa wata ƙungiya na raba tallafi ko kamfani na ba da mega kyauta.

Mu a salularmu biyu muka ajiye: mai matsi don karatu idan mun nufi ƙauyukan Sukukutan ko Dankasari, da cikakkiya don rajista da harkar kuɗi, dukkansu daga Play Store. Wanda ke shakka ya shiga saitin wayarsa, wurin da ake nuna yawan megar da kowace manhaja ta ci a wata, zai ga sunan mai cin kuɗinsa a saman jerin.