Burodin Ƙasa na Ingila a Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, yawancin alkamar da mutanen Ingila suke ci daga waje ake kawo ta cikin jiragen ruwa, musamman daga Kanada. Da yaƙi ya yi zafi, sai jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin teku suka riƙa nutsar da waɗannan jirage. Dole gwamnati ta nemi hanyar da alkama kaɗan za ta ciyar da mutane da yawa, ba tare da lafiyarsu ta raunana ba.

A wajen niƙa aka samo dabarar. Idan aka niƙa kilo 100 na alkama, farin garin da ake samu bai wuce kilo 70 zuwa 72 ba, sauran kuwa dusa ce da ake bai wa dabbobi. Alhali a wannan dusar ne yawancin bitamin B1 da sinadarin ƙarfe suke. Saboda haka Ma'aikatar Abinci, wadda Lord Woolton yake shugabanta, tare da mashawarcinta kan kimiyya Jack Drummond, ta umarci masu injin niƙa su riƙa fitar da kilo 85. A watan Afrilu na 1942 aka hana yin farin burodi, aka maye gurbinsa da wanda ake kira Burodin Ƙasa.

Sai dai gyara ya zo da tasa matsala. Masana biyu na Jami'ar Kambirij, Robert McCance da Elsie Widdowson, sun gwada a jikinsu da na abokan aikinsu, suka gano cewa akwai wani sinadari a dusa mai hana jiki shan kalsiyam, wato abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Ga shi kuma madara da cuku sun yi ƙaranci. Shawarar da suka bayar ita ce a riƙa zuba alli cikin gari. Wasu sun yi ƙorafi, ba kuwa a banza ba, domin a zamanin da zuba alli a gari algus ne na maha'inta. Duk da haka gwamnati ta mai da shi doka.

Burodin ya fi na da gina jiki, amma bai sami karɓuwa ba. Launinsa toka-toka ne, ga nauyi, ga saurin bushewa, har ana yi masa ba'a da cewa makamin asirin Hitler ne.

Duk tsawon yaƙin ba a ƙayyade wa kowa yawan burodin da zai saya ba. Sai bayansa aka yi haka, daga 1946 zuwa 1948. A 1956 aka soke Burodin Ƙasa, jama'a suka koma wa farin burodinsu. Alli dai bai fita ba: har yanzu doka ta wajabta ƙara kalsiyam da ƙarfe da wasu bitamin a farin garin alkama na Ingila.