Tirela mai ƙafa biyu ko mai huɗu: gaskiya da ƙarya

A Balan da ƙauyukan Gaya da Ajingi, duk wanda zai ba mai walda aikin tirela, ko don kai kwale-kwale kogin Wudil ko don kwaso amfanin gona, sai ya sha shawara. Wasu su ce mai aksil ɗaya da ƙafa biyu ta wadatar, wasu su ce sai mai aksil biyu da ƙafa huɗu. Ga abin da ya tabbata da wanda bai tabbata ba.

"Mai ƙafa huɗu ta fi ɗaukar nauyi." Gaskiya ne, domin taya huɗu ne ke raba kayan. Kowace taya tana da lambar ƙarfinta a jikinta. Lamba 100, alal misali, tana nufin kilo 800. Biyu irinta kilo 1,600 ke nan, kuma a ciki za a cire nauyin tirelar kanta. Kwale-kwalen katako da ya daɗe a ruwa ya fi busasshe nauyi, ga inji ga jarkar mai, duk a saka su a lissafi.

"Da ƙafa huɗu ƙaramar mota ma za ta ja komai." Ƙarya ce. Ƙarin aksil ba ya ƙara wa mota ƙarfin inji ko na burki, nauyi ma yake ƙara mata. A Birtaniya doka ta wajabta wa tirelar da ta haura kilo 750 ta kasance da burkinta, saboda tsayar da kaya ya fi jan sa wuya.

"Mai ƙafa biyu ce ke rawa a titi." Akwai ƙamshin gaskiya, mai huɗu ta fi natsuwa. Amma babban abin da ke sa tirela ta riƙa kaɗa wutsiya shi ne lodi. Idan nauyi ya rinjayi baya, kamar inda injin jirgi yake, bakin tirelar sai ya yi sama, ko mai huɗun ce sai ta yi rawa. A matso da jirgin gaba har bakin ya danne ƙugiyar mota, a ɗaure shi tamau.

"Idan ɗaya ta fashe a cikin huɗu, a ci gaba da tafiya." Kuskure ne. Za ka samu damar sauka gefen hanya lafiya, amma 'yar uwarta da ke wannan ɓangaren ita kaɗai ke ɗauke da kayan biyu, ba za ta kai ka kasuwar Wudil ba.

"Mai huɗu ta fi sauƙin riƙewa." Ba haka ba ne. Taya huɗu, boris na ƙafa huɗu, kuɗin mai faci ninki biyu. A kwana mai tsanani tayoyinta gogar ƙasa suke yi suna cinyewa, kuma a lungun gari ko yashin bakin kogi, samari biyu za su juya mai ƙafa biyu da hannu, mai huɗu kuwa sai an yi gumi.

Ruwa kuma ba ya bambanta mai biyu da mai huɗu. Boris mai zafi idan ya nitse, ruwa yake zuƙa ya lalata giris, don haka a bari ƙafafun su huce kafin a sa tirela a kogi.

Ƙaramin kwale-kwale da gajeriyar tafiya, mai ƙafa biyu ta isa. Jirgi mai inji da doguwar hanya, kamar zuwa madatsar Tiga, a nemi mai huɗu mai burki. Kafin a biya mai walda kafin alƙalami, a fara sanin nauyin jirgin.